Me ya sa hoton faɗuwar rana a ƙauye ba ya fitowa yadda ido ya gani?

"Assalamu alaikum malam, dan Allah ina da tambaya. Duk sanda naje garinmu can wajen Ringim ina son daukar hoto da yamma in rana zata fadi, gonaki da bishiyoyi da shanu in suna dawowa, abun gwanin sha'awa wlh. Amma in na dauka sai inga ko dai kasan yayi baki kirin ba'a ganin komai, ko kuma saman yayi fari fat jan nan duk ya bace, ita ranar ma sai ta fito yar mitsitsiya kamar kwan fitila. Wayata Infinix ce. Matsalar wayar ce in hakura sai na samu kudin kamara, ko ni ne ban iya ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka dai abu uku ne suke ci maka tuwo a ƙwarya, ƙasa tana baƙi, sama tana wankewa, rana kuma tana fitowa ƙarama. Biyun farko ba laifin wayarka bane, ko kamarar miliyoyi ka riƙe haka zata yi maka in baka gaya mata abin da kake so ba. Na ukun ne kawai zan ce eh, nan waya tana da iyaka, kuma zamu zo kansa. Don haka kar ka tsaya jiran kuɗin kamara, ni na ga hotunan waya da suka fi na masu rataye da kamara a wuya kyau nesa ba kusa ba.

Bari mu fara da dalilin abin, don in ka gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Idonka ba hoto ɗaya yake ɗauka ba. In ka kalli sama sai ya tsuke, in ka sauko da shi kan gona sai ya buɗe, kai baka ma san yana yi ba, ƙwaƙwalwa ce take haɗa maka su wuri ɗaya kaga kamar komai a fili yake. Ita kamara sau ɗaya take ƙifta ido, da awon haske guda ɗaya, kuma a lokacin faɗuwar rana hasken sama ya ninka na ƙasa sau da yawa sosai. To dole ta zaɓa. In ta auna da sama, gona ta tafi duhu. In ta auna da gona, sama ta ƙone ta zama fara. Da yake kai baka zaɓar mata ba sai take yin yadda ta ga dama, shi yasa yau ta baka wannan gobe ta baka wancan.

Jan da kace yana ɓacewa ma akwai wani ɓarawon na biyu. Wayoyi an tsara su ne su riƙa "gyara" kala, in suka ga wuri ya yi ja ko ruwan goro da yawa sai su ɗauka kuskure ne kamar na hasken fitila a ɗaki, sai su ƙara shuɗi su kashe shi. Wato abin da ya fito da kai daga gida shi wayar take gogewa da sunan taimako.

Abin da zaka taɓa a wayar

Kafin komai goge gilashin kamarar da gefen riga mai laushi. Kar kayi dariya, rabin hotunan da ake turo min masu hazo-hazo da wani dogon haske da ya ja layi daga rana, maiƙon yatsa ne kawai. Sai ka buɗe kamara ka taɓa saman a sikirin, kusa da rana amma ba kanta ba, zaka ga wani ɗan akwati ko da'ira ta fito da alamar rana a gefe, ja ta ƙasa a hankali har sai kalar saman ta dawo yadda idonka yake gani. A yawancin wayoyi in ka danne wurin na ɗan lokaci zai kulle awon, ba zai sake canjawa ba ko ka motsa. Ƙasa zata yi duhu, bar ta. Duhu ana iya ɗago shi daga baya a editin, amma wurin da ya ƙone ya yi fari fat babu abin da ya rage a ciki da za'a dawo da shi, ya tafi kenan. Ni in zan yi kuskure gara in yi shi ta ɓangaren duhu.

In wayarka tana da wurin da aka rubuta Pro, don wasu Infinix da Tecno suna da shi wasu babu, shiga can. ISO, wato yadda kamara take ƙara wa hoto haske, ka barshi a mafi ƙanƙanta, 50 ko 100, don da ka ɗaga shi hoton zai fara yin tsaki-tsaki. WB, wato setin gyaran kalar nan da na faɗa, ka cire shi daga na kai-da-kai ka sa shi a alamar gajimare, ko in lamba ce ka kai shi wajen 6000 zuwa 6500, nan jan zai zauna. EV kuma, wato awon hasken hoton gaba ɗaya, ka sauke shi zuwa -1, wani lokacin har -2. HDR yana taimako in kana son a ga gona a ga sama tare, don hotuna da yawa yake ɗauka a jere ya haɗa, amma ni bana sonsa in akwai abu mai motsi, kuma wani lokacin yana sa hoto ya zama kamar zanen kalanda, babu inuwa ko ɗaya, alhali inuwar ce daɗin yamma. Ka gwada da shi ka gwada babu shi a wuri ɗaya ka gani da idonka. Fulash kashe shi, ba zai haska maka gona ba. Filta ma haka.

Da rana ta nutse haske zai ragu da sauri, hannu ya fara rawa a hoto. Ba sai ka sayi ƙafar kamara ba, ɗora wayar kan kututture ko katanga ko kujerar mashin, ka tallafe ta da takalminka ko dutse, ka sa taima na sakan 3 don kar taɓawarka ta girgiza ta.

Ka rage ɗaukar ranar kanta

Wannan shine ainihin abin da nake so ka tafi da shi. Yawancinmu da rana ta yi ja sai mu nuna mata waya kai tsaye, mu sa ta a tsakiya, ƙyas. Sai a samu ɗigon haske da baƙin ƙasa, hoton da in ka nuna wa mutum ba zai iya cewa Ringim ne ko Agadas ba. Rana ɗaya ce a duk duniya, kowa yana da ita. Abin da kake da shi wanda wani bashi da shi shine kukar bakin garinku, rumbunan bayan gida, hanyar shanu, amalanke da ya ɗauko kara. Su zaka ɗauka, ranar aikinta kawai ta haska maka su.

Kuma hasken nan fuska uku gare shi, ya danganta da inda ka tsaya. In kana fuskantar yamma, duk abin da ke tsakaninka da rana zai zama baƙar sura, to sai ka nemi abin da surarsa kaɗai ta isa a gane shi. Kuka a rani da ta zubar da ganye ta bar rassan nan kamar saiwa, babu kamarta. Giginya, goruba mai rassa biyu, dabino irin na wajen Dutse, ƙahon farin sa, mutum a kan jaki. Darbejiya kuwa dunƙulen baƙi kawai take bayarwa, bata da wani fasali. Dabarar ita ce ka durƙusa, har ka kai wayar kusan ƙasa, don abin ya fita daga cikin duhun gona ya hau kan sama. In ka ɗauka a tsaye, jikin saniya zai narke cikin baƙin ƙasa, kai kawai za'a gani. Kuma ka jira su rarrabu, shanu biyar a cure wuri ɗaya a baƙar sura dabba ɗaya ce mai ƙafa ashirin. Ita ranar ka ɓoye ta bayan gindin bishiya ko ka bar ɗan gefenta kaɗai yana leƙowa, zaka ga nan take wayar ta huta, kala ta dawo.

In ka juya gefe, rana tana hannun dama ko hagu, nan ne kunyoyin gona suke fitowa ɗaya bayan ɗaya kowacce da inuwarta, yaɓen katangar ƙasa har shatin hannun magini kana gani, jinkar rumbu tana fitowa kara-kara. Da tsakar rana duk wannan a shafe yake.

Sai ta uku wadda kusan kowa yake mantawa, ka juya wa ranar baya gaba ɗaya. Gabas a lokacin nan komai ya zama ruwan zinariya, babu matsalar sama ta ƙone ƙasa ta yi baƙi don duka haske ɗaya ke kansu, waya mafi araha ma zata ɗauka da kyau. Ka kula da inuwarka dai kar ta shigo. In kuma 14 ko 15 ga watan Musulunci ne, wata cikakke yana fitowa ta gabas kusan daidai lokacin da rana take faɗuwa.

Hoton da na fi so a duk wanda na taɓa ɗauka babu rana a cikinsa ma. Cikin kaka ne, an gama yankan gero dawa bata riga ta shigo ba, ina tsaye gefen burtali a wani ƙauye a Jigawa ina jiran rana ta sauka bayan wata kuka, sai garke ya taho daga yamma, kofatonsu ya tada ƙura, hasken ya bi ta bayan ƙurar nan ta zama kamar hayaƙin zinariya. Yaron da ke kiwon bai fi shekara sha biyu ba, ya gitta sanda a kafaɗa ya rataye hannuwansa biyu a kai, malfarsa ta faɗo baya igiyar ta riƙe ta a wuya, gefen kunnuwan shanun duk sun yi wani jan layi na haske. Na manta da kukar, na sauke kamara ƙasa na yanke saman gaba ɗaya. Abin bai kai minti biyu ba, suna wucewa ƙurar ta kwanta. Tun daga ranar duk inda naga abu yana tashi a iska da yamma, ƙura ce, hayaƙin girki ne, ƙaiƙayin shiƙa ne, sai in zagaya in sa rana a bayansa. A wajen masu casar shinkafa na Kura ma haka nake yi.

Lokacinmu gajere ne

In kana kallon bidiyon turawa a YouTube zaka ji suna maganar awa guda ta hasken zinariya. Wannan nasu ne. Su a Ingila rana a karkace take sauka, a lokacin zafinsu sai ta daɗe tana jan ƙafa. Mu a nan Kano da Jigawa kusan digiri 12 kawai muke sama da tsakiyar duniya, rana kusan a miƙe take faɗowa. Hasken mai kyau bai fi minti 30 zuwa 40 ba, daga sanda gindinta ya taɓa ƙasa zuwa ta nutse duka minti 2 ne da 'yan sakanni, bayan nan kana da kamar minti 20 kafin duhu ya rufa. Akwai awon da ake yi da hannu, ka miƙe hannunka ka jera yatsu tsakanin rana da ƙasa, turawan suna lissafa yatsa ɗaya minti 15, amma a nan ka lissafa kusan 8 ne, in ba haka ba zata faɗi kana kan hanya. A Nuwamba wajen ƙarfe 6 take faɗuwa, a Yuli kuwa sai 7 saura kaɗan.

To ba'a fafe gora ranar tafiya. Ka je tun bayan la'asar, ko ma jiya, ka zagaya ka zaɓi bishiyarka da inda zaka tsaya. Kuma ba wuri ɗaya rana take faɗuwa duk shekara ba, a Maris da Satumba yamma sak, a Yuni ta karkata arewa, a Disamba ta karkata kudu, tazarar tana da yawa, kukar da rana ta faɗa bayanta da damina ba nan zata faɗa da sanyi ba. Wata alama da nake amfani da ita a ƙasar Kano, cikin Disamba in kana fuskantar alƙibla to kusan daidai bayanka zata faɗi.

Mintunan bayan faɗuwarta sau da yawa sun fi na kafin kyau, musamman in akwai gajimare a sama, don a lokacin take haska su ta ƙasa su yi ja da shunayya. Sai dai kaga lokacin magariba ne. Ni abin da nake yi in riƙe alwalata, in ɗauki abin da zan ɗauka cikin minti biyar ko bakwai in nufi masallacin garin, ko in muna da nisa mu yi jam'i a wurin da wanda ya rako ni.

Sai maganar yanayi, wadda a ganina ta fi duk wani setin muhimmanci. Abin da yasa rana take ja da yamma, haskenta yana ratso iska mai tsawo kafin ya iso gare ka, shuɗin ya watse a hanya jan ya iso. Mutane suna ɗauka hazo yana ƙara wannan jan, amma in ya yi kauri kashe shi yake. Ƙurar hunturu, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska take kwaso ta, tana mayar da sama toka-toka, ranar ta zama kamar farin faranti ta ɓace tun bata kai ƙasa ba. In ka je gida a Disamba ko Janairu ka ga haka kar ka zagi Infinix. Amma hazon yana da nasa kyan, shine lokacin da waya take iya ɗaukar ranar a zagaye ba tare da ta ƙone ba, bishiyoyi kuma su jeru na kusa baƙi, na tsakiya toka, na nesa kamar zasu ɓace. Kala mai tsananin kyau kuwa sai damina, ranar da aka yi ruwa da rana aka ɗauke wajen la'asar, iska ta wanku, gajimare ya tsattsage ta yamma. In kaga haka ajiye abin da kake yi. Ka nemi ruwan da ya kwanta, kududdufi ko fadama ko gonar shinkafa, ka kai waya dab da shi, saman zai fito sau biyu kuma ƙasan da ke maka baƙi ya samu haske. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba shine zaɓina, akwai sauran gajimare, ga amfanin gona a tsaye, ƙura bata iso ba. Wani abin lura, gawo shi da damina yake zubar da ganye, in kana neman rassa tsirara a tsakiyar koren gona shi zaka nema.

Ranar da ta fito ƙarama

Nan ne iyakar wayar. Rana faɗinta a sama kusan rabin digiri ne kawai, ita kuwa babbar kamarar waya tana kwaso wajen digiri 70, kaga zaka jera rana sama da ɗari daga wannan gefen hoton zuwa wancan. Girman da kake gani da ido a bakin ƙasa ƙwaƙwalwa ce take ƙara mata. Hotunan da kake gani rana ƙatuwa kamar faifai bayan raƙumi, da dogon gilashi ake ɗaukarsu, mai milimita 200 ko 300 ko fiye, mai hoton ya koma can nesa ya jawo su tare. Zum na yatsa biyu a waya ba zai baka wannan ba, yanko hoton kawai yake yana buɗa shi, ya farfashe. In wayar tana da kamarar zum ta daban mai 2x ko 3x yi amfani da ita, in babu kar ka wuce 2x. In Allah ya hore ka sayi kamara, ko ta hannu ce, fara da ISO 100, buɗin gilashi f/8 zuwa f/11, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara bata matse ba, in shanu ne ke tafiya kar saurin ɗaukar ya gaza 1/500 na sakan. Kar ka leƙa rana ta ramin leƙawa da dogon gilashi tun tana da ƙarfi, ido ba shi da sifiya, yi amfani da sikirin. Kuma kar ka canja gilashi a fili cikin hunturu, ni na taɓa yi, duk hotunan tafiyar nan suka fito da ɗige-ɗige a sama, na kwana uku ina gogewa ɗaya bayan ɗaya.

Editin kaɗan ya isa. Manhajar gyaran hoto ta Snapseed kyauta ce, ɗago inuwa kaɗan, sauke wuraren haske, miƙe layin ƙasa in ya karkace. Kar ka cika kala har sama ta koma kamar lemon kwalba, duk wanda ya taɓa zama a ƙauye zai gane ƙarya ce. In zaka tura a WhatsApp tura shi a matsayin fayil ko ka danna HD, in ba haka ba zai matse shi saman ya yi layi-layi. Ban ga hotunanka ba, don haka abin da na faɗa na gama-gari ne, kuma akwai yammacin da duk dabararka babu abin da zai fito, ni kaina a fita biyar in na dawo da hoto ɗaya da nake so na gode Allah.

Kai ɗan gari ne, ka huta da rabin wahala, amma duk da haka ka tambaya kafin ka ɗauki mutum, mata kuwa a bakin rijiya ko wajen shiƙa ka bari kawai sai in 'yan gidanku ne kuma sun yarda. Makiyayi ka yi masa sallama ka gaya masa, in ka ɗauka ka nuna masa, yawanci dariya zai yi ya kira ɗan'uwansa. In ƙauyen da ba naku bane fara da gidan mai unguwa. Na taɓa kafa ƙafar kamara a gefen wata gona ban yi wa kowa magana ba, kafin in ankara ga mai gonar da ƙannensa biyu a kaina ransu a ɓace, ashe sun ɗauka ma'aunin fili ne gwamnati ta turo za'a karɓe gonar. Kafin in gama rantse-rantse in nuna musu hotunan, rana ta faɗi. Shingen jami'an tsaro kar ka nuna masa waya ko daga nesa. Kuma yadda wasu yankunan suke yanzu kar ka yi nisa da gari, ka tambayi mutanen wurin inda ake zuwa da inda ba'a zuwa, ka tafi da wani. Da damina sa rufaffen takalmi ka riƙe tocila saboda maciji a hanyar dawowa. Tsofaffi ma zasu ce maka ka tashi daga gindin tsamiya da kuka in almuru ta yi, kar ka tsaya musu da su, dama daga ɗan nesa bishiyar ta fi fitowa.

In ka koma gida wannan karon zaɓi bishiya ɗaya kawai, ka je mata yamma uku a jere. Ran farko ka fuskanci rana ka durƙusa, rana ta biyu ka tsaya ta gefe, ta uku ka juya baya, kowanne ka ja hasken ƙasa kamar yadda na ce. Sai ka turo min guda uku, wanda ka fi so da wanda ya fi baka haushi da ɗaya a tsakani, kar ka yi musu editin, ka rubuta min ƙarfe nawa ka ɗauki kowanne.